Rubutun da ke Bayan Motar Ƙanƙara

Taswira ake ce masa, don garin kaf a kansa yake. Shekara goma sha bakwai yana jan motar gidan ƙanƙara, yana kai wa masu kifi da masu lemo, shago ashirin da shida a kullum, alhali ko harafi ɗaya bai sani ba. Da ƙirga yake riƙe hanya: gada ta biyu, a wuce fitila uku, a karya hagu a shuɗin kanti. Sau ɗaya za a raka shi wuri, shi ke nan ta zauna.

Amma fa sai an raka shi ɗin, kuma maigidansa ya san da haka. Sau huɗu Taswira yana roƙon hutun yini ɗaya a mako, sau huɗu maigidan yana dariya, yana tambayarsa ina za shi in ya bar nan, tunda ko'ina takardar adireshi ake miƙa wa direba. Ga kuma abin da ya fi ɗaure masa kai: duk ranar da ya ɗan taka mota don ƙanƙara na narkewa, kafin ya dawo maigida ya ji, har da titin da aka yi gudun. Ya zargi mai gadi, ya zargi masu lodi, daga baya ya haƙura, ya ce mutumin nan ba haka nan yake zaune ba.

Sai wata Talata aka yi wa shuɗin kanti fenti rawaya. Taswira ya wuce shi sau uku. Duk wanda ya tambaya sai ya ce masa wane titi, shi kuwa abin da ya sani shuɗin kanti ne. Awa biyu da kwata yana zagaye, ruwa na tsiyaya ta bayan mota. Dunƙule sittin ya ɗauko, goma sha ɗaya suka isa da rai. A gaban masu lodi maigida ya ce ashe gwangwanin fenti ɗaya ya isa ya ɓatar da direbansa.

Matarsa tela ce, ta gama firamare, kuma a lissafinta sau tara tana yi masa tayin karatu yana cewa ya tsufa. Ran nan ba ta yi na goma ba. Tana taka keke ta ce, "Baban yara, kanti ana sake masa fenti. Sunan titi kuwa yana nan inda ka bar shi."

Kashegari ya zauna gaban teburin yanka. Minti ashirin kowace safiya, harafi uku, da allin ɗinki. In ya juya harafi baya ta ɗaga tef ɗin awo ta ce ɗalibi mai furfura ma ana zane shi. A wurin aiki kuwa ya samu allon da babu kamarsa: raɓar da ke kwanciya a ƙofar mota saboda sanyi. Ya rubuta da yatsa, in ya ji tafiya ya shafe da tafin hannu.

A mako na bakwai ya karanta sunan titinsu. A wata na huɗu, yana wanke mota, ya tsaya da soso a hannu gaban jan rubutun da ke ƙofar baya. Ya wanke rubutun nan ya fi sau ɗari takwas, yana zaton talla ce ga masu son ƙanƙara. Ya bi shi harafi-harafi: "In direban nan ya yi gudu, kira wannan lamba."

Ya kife bokiti ya zauna, ya yi dariya har da hawaye. Da ya gama ya je ya nemi gafarar mai gadi, wanda bai ma san an taɓa zarginsa ba.

Wata biyu bayan nan ya je wani kamfanin rarraba magunguna da ke neman direba. Aka miƙa masa takarda mai adireshi bakwai, babu ɗan rakiya. Ya samo su duka a awa uku da minti goma. Manajan ya ce wasu a awa biyu suke yi. Taswira ya ce a ba shi wata ɗaya. Aka ɗauke shi, aiki kwana shida, hutu ɗaya.

Da ya je mayar da makullin motar ƙanƙara, maigida ya yi tambayarsa ta kullum, ina za shi.

"Ranka ya daɗe, bari in karanta maka," in ji Taswira. Ya zaro takarda daga aljihu, ya karanta sunan kamfanin da na titin, a hankali, bai tsallake komai ba. Ya ƙara da cewa gara a raka sabon direba, don kantin nan yanzu rawaya ne.

Ranar hutunsa ta farko a ƙasa ya fita, ya bi wani titi da bai taɓa shiga ba, bai tambayi kowa ba. Allo arba'in da ɗaya ya ƙirga kafin ya juyo. Huɗu sun gagare shi, sai ya kwafe su a tafin hannu ya kawo wa malamarsa.