Telan da Ke Zama Kan Hannuwansa

Duk Laraba yana nan a ɗakin motsa gaɓoɓin yara, dogo, tef ɗin awo a wuya, zare manne a riga. Tela ne, ba sai an faɗa ba. Likita ta ce yatsun 'yarsa na bukatar horo, shi ne ya ɗinko ƙyalle mai maɓallai jere, daga babba zuwa ƙarami.

Yarinyar na fama da ɓalla maɓalli na uku. Hannunsa ya miƙe zai taya ta.

"Baba, mun yi alkawari fa," in ji likitar.

Sai ya cusa hannuwan ƙarƙashin cinyoyinsa ya danne, gumi na keto masa. Can maɓallin ya shige.

Wataƙila ya ɗinka maɓalli dubu a rayuwarsa, amma wannan ne ya sa shi share ido da gefen riga.