Taksin Baba a Cikin Kori

Ni ce na matsa, wannan kam ba zan ɓoye ba. Wata huɗu ke nan da barina Kano zuwa Yamai karatun Faransanci, ina zaune a unguwar Yantala gidan abokin mahaifina, wani dattijo mutumin Maraɗi da nake kira Baba. Taksi yake ja, tsohuwar mota guda ita ke ciyar da gidan duka. Kullum in zan haye gada zuwa jami'a sai in hango wasu duwatsu uku a hayin kogi, raina ya biya. Ga yayyena suna ta tsokanata wai na tafi ƙasar da ba komai sai yashi. Na rantse sai na aika musu hoto daga ƙololuwa.

Baba ya ce damina ce, a bari sai kaka. Na yi ta naci, na kumbura, har tuwo na ƙi ci. Ranar Asabar ya gaji ya ɗauke mu, ni da wata 'yar ajinmu mutumiyar Tawa.

Bayan mun bar kwalta muka iso wata busasshiyar ƙorama mai faɗi, irin wadda suke kira kori. Baba ya tsaya a kan tudu, ya ce daga nan sai ƙafa. Ni kuwa takalmi mai tsini na sako saboda hoto. Na hau mita, na ce ga yashi shimfiɗe kamar titi har gindin dutsen, don me za mu wahala? Ya dubi sama, tas take. Ya shiga da motar cikin korin, ya ajiye ta ƙarƙashin wata aduwa, ya biyo mu, wai ba a barin amana ta hau dutse ita kaɗai.

A sama kam na ga abin da na zo gani. Kogi kwance, gonakin shinkafa kore shar, birnin duk ya ƙanƙance. Ina cikin ɗaukar hoto ƙawata ta ja mini mayafi, ta nuna wani baƙin hadari can nesa bayan tuddai. Na ce ke dai kin cika tsoro, rana ce a kanmu.

"Ruwan kori ba daga kanki yake zuwa ba," in ji ta.

Na waiwaya, tuni Baba ya kama gangara, tsoho yana zamewa a kan tsakuwa. Na tuɓe takalman na bi shi, duwatsu na yankar tafin ƙafata.

Motar ta tashi, amma ƙafafun baya suka nutse cikin yashi. Muka tona da hannu, muka cusa rassa, har tabarmar sallarsa muka saka. Yana ba ta wuta muna turawa, tana ƙara binnewa. Sai muka ji wani ruri kamar babbar mota na tafe. Ruwan farko siriri ne, yana turo kumfa da karare. Kafin in ɗago ya kai mini ƙwauri.

Baba ya kashe motar ya fito. "Ku hita. Ku hau tudu."

Ƙawata ta ruga. Ni na ƙi, ina kuka ina turawa, don na san laifin wa ne. Mutumin da ko ido bai cika haɗawa da ni ba ya damƙi hannuna, ya ja ni kamar akuya har bakin gaɓa. Muna tsaye ruwa ya kai tagogi, ya juya motar a hankali ya jingina ta da aduwar.

Da yamma, bayan wani mai amalanke ya kai mu bakin kwalta, mahaifina ya kira Baba a waya. Na matso kusa ina saurare.

"Lahiya lau," in ji Baba. "Ɗiyarka ta ga duwatsu."

Washegari aka jawo motar da shanu, injin cike da yashi. Wata biyu Baba bai fita aiki ba. Miya ta tsinke a gidan, nama ya ɓace, kwanona ne kaɗai bai ragu ba, kuma ba wanda ya taɓa ce mini ko kanzil. Da zagina suka yi da na fi samun sauƙi.

Hotunan suna nan, ban aika wa kowa ba. A gefen ɗaya, in ka duba ƙasa sosai, ga motar can 'yar mitsitsiya a ƙarƙashin aduwa, inda na ce a ajiye ta.