Kawu Manu da Ya Ga Teku

Ranar wata Alhamis ce a ƙarshen bazara, shekaru kaɗan bayan Turawan Ingila da na Faransa sun raba bakin Kwara a tsakaninsu. Da hantsi ina tsaye a gaɓa, riƙe da igiyar jirginmu, ina jiran Kawu Manu ya gama shiri. Tun lokacin rairayi ya fara ƙona tafin ƙafa. Sai ga shi ya gangaro cikin wata tsohuwar rigar soja mai maɓallai, irin wadda ko jaki aka sa wa a wannan zafin sai ya suma, ga laima a hammata, ga takalmin fata da ya buɗe baki. Ya tsaya ya ƙare wa gulbin kallo, ya tofar da yawu, ya ce da ni wannan ai kududdufi ne. Shekaruna ba su wuce goma sha ɗaya ba, don haka sai kawai na riƙe masa jirgi ya shiga.

A gungu aka haife ni, wato tsibiri a tsakiyar gulbi, ba nisa da Dole Kaina. Gidaje ba su fi ashirin ba, duk masunta. Da safe mukan je allo a gindin tsamiya, mu dawo mu zauna kankare kifi, mu jera shi a kan banda har idanunmu su yi ja don hayaƙi. In bazara ta kankama, ruwan randa kansa yakan yi ɗumi kamar an sauke shi daga wuta, awaki su laɓe ƙarƙashin rumbu suna haki. Mu kuwa yara sai mu faɗa gulbi, mu yi gasar nutso, mu tono ƙaguwa a rami, mu fito fatarmu ta yi fari fat. Da yake mahaifina bai samu ɗa namiji da wuri ba, ni ya riƙa ɗauka a jirgi. Ya koya mini riƙon filafili, ya kuma koya mini duban sama. Yakan ce, "In iska ta ɗauke, kika ga ruwa ya kwanta kamar mai, ki nemi gaɓa."

Kawu Manu ƙanin mahaifiyata ne. Ya bi Turawa kudu da kaya a ka, ya yi shekara biyu, ya dawo ba ko tabarma sai baki. A gidanmu ya sauka, kuma tun da ya sauka bai taɓa ɗaga taru ba, amma in an kawo tuwo shi ne farkon wanke hannu. Zancensa ɗaya ne, teku. Wai ya je Ikko, ya shiga jirgin ƙarfe, ya ga tsibirai inda rana take dafa ƙwai a kan dutse. Wai ya ga raƙuman ruwa tsawon giginya, Turawa na kuka, shi yana tsaye yana cin goro. Mu kam a wurinsa ƙauyawa ne masu tsoron ruwan alwala. Mahaifina yakan saurare shi yana ɗinkin taru, ba ya ko ɗaga kai.

A waccan shekarar ambaliya ta cinye mana gona, ba mu tsira da ko irin shuka ba. Kakata ta wajen uba, da ke ƙetare ta wajen Kurgu, ta aiko cewa ta ajiye mana taiki biyu, ɗaya gero ɗaya shinkafa, a zo a ɗauka kafin ruwan farko ya sauka. Ga mahaifina kwance, kurkunu ya fito masa a ƙafa, ko taka ƙasa ba ya iyawa. Dole aka tura ni, aka haɗa ni da Kawu don ya ɗauki kaya. Kafin mu tashi mahaifina ya gaya mana a gaban kowa cewa mu juyo kafin azahar, in kuma muka ga hadari mu kwana can.

Mun ƙetare lafiya, ni ke tuƙi, shi yana zaune ƙarƙashin laima. Rana ba ta kai tsaka ba aka sauko mana da taikunan a kan jaki, aka ɗora su cikin jirgi. Da mun juya a lokacin, da ba abin da zan ba da labari. Amma a mashayar da muka ɗaure jirgi akwai inuwa, akwai fatake masu jiran fito, kuma Kawu bai taɓa ganin kunne a sake ya wuce ba. Ya zauna ya buɗe zancen teku. Aka yi azahar yana ciki, aka doshi la'asar yana ciki. Ni ina zaune a goshin jirgi, zufa na bin bayana. Ganye ko ɗaya ba ya motsi, ƙudaje sun dame mu, balbelu suna ta wucewa ƙasa-ƙasa zuwa yamma. Da na duba gabas sai na ga ta yi baƙi kamar gindin tukunya. Ruwan kuwa ya kwanta lumui.

Na je na durƙusa na ce, Kawu, mu kwana. Wani tsoho mai fito, da ya riga ya ja jirginsa kan tudu ya kife, shi ma ya sa baki. Ya ce, "Malam, ka ji ta yarinyar. Wanga hadari ba na shiga ruwa ba ne." Kawu ya dubi fataken ya yi dariya, ya ce mutumin da ya ga teku ba ya kwana a gaɓa don ɗan gajimare. Ya tura ni cikin jirgi, ya karɓe filafilin da kansa don su gani. Sai tsohon ya miƙo mini wata ƙwarya ta kwalfar ruwa.

Mun kai tsakiya, inda ba ka taɓo ƙasa ko da gorar tuƙi, iskar ta iso. Da farko sanyi ne ya bugi fuskata, sai na ji ƙara kamar shanu sun taho a guje. Nan take gulbin ya tashi. Jirgi ya haura ya faɗo, ruwa ya zubo ciki, sama ta tsage. Na juya in ce wa Kawu ya karkata goshin jirgi ya fuskanci igiyar ruwan, sai na tarar ya saki filafili. Mutumin da ya ci goro a kan teku yana kwance ruf da ciki, ya rungume katako, yana amai yana kiran sunan uwarsa. Na cafko filafilin kafin ya tafi, na riƙa tuƙi ina kwalfa, ina tuƙi ina kwalfa. Can ya ɗago kai, ya ga ruwa ya kai idon sawu, sai ya rarrafa ya kama taikin gero. Na ce masa kada ya yi, nauyin ne yake riƙe mu. Bai ko ji ni ba. Ya jefa na gero, ya jefa na shinkafa. Jirgin ya yi sakayau, iska ta ɗauke mu tana juyawa kamar ɓawon gyaɗa.

Allah ya sa ta jefa mu cikin burugu, wata doguwar ciyawar ruwa da ke gefen wani ƙaramin gungu. Na nannaɗe ta a hannuwana biyu, na tokare ƙafafuna a jikin jirgi, na riƙe. Ciyawar tana yanka ni, iska tana ja, ban saki ba har ruwan ya tsagaita. Shi kuwa ko yatsa bai miƙo ba.

Gab da magariba muka isa gida, mutanen gungu duk suna gaɓa, mahaifiyata ta yi kuka har muryarta ta dishe. Kafin in ɗaure jirgi bakin Kawu ya dawo. Ya ce da ba don ya san teku ba da yarinyar nan ta tafi, kuma dabara ce ta sa ya zubar da kayan. Mahaifina, da aka tallabo shi zuwa bakin ruwa, ya kira ni ya ce in buɗe hannu. Tafukana duk sun tsattsage, jini na tsatsa. Ya ce da Kawu shi ma ya buɗe nasa. Sumul suke kamar na amarya. Ya daɗe yana dubansu, sannan ya ce, "Manu, tafi ka ci tuwo." Daga ranar ba wanda ya sake zama ya saurari zancen teku a gungunmu. Kafin kaka Kawu ya tattara ya tafi, muka ji wai yana Bagudo yana ba 'yan kasuwa labarin yadda ya ceci 'yar yayarsa.

Mu ya bari da aikin. Mahaifiyata ta bi gida gida tana roƙon iri, wannan ya ba da tafi ɗaya, wancan rabin ƙwarya. Muka yi shuka a makare, muka girbe abin da bai kai mu rani ba. Kifi da ganye muka ci har wata damina. Ba na jin haushin guguwar, don ta yi sallama kafin ta zo. Kawu ne har yau in na tuna sai in ji bakina ya yi ɗaci.

Yanzu jiragen inji ke fito, cikin ɗan lokaci an ƙetare. Jikokina sukan kunna rediyo su ji ko za a yi ruwa, alhali ga gabas a gabansu. Gungunmu ma ruwa ya ci gefensa, tsamiyar da muka yi allo ta faɗa gulbi tun tuni, yawancin gidajen sun koma tudu. In bazara ta yi nauyi nakan sa a fitar mini da tabarma ƙofar gida, in zauna ina jin warin ƙasa kafin ruwa ya sauka, ina tuna muryar mahaifina a bayana cikin jirgi. Wanda zan gaya wa abin da na gani a sama ne babu.