Ƙafar Nohemí a Cikin Hoto

Ban taɓa ganin saman teburin cin abincin Nohemí Barraza ba sai bara, alhali tun muna 'yan mata muke maƙwabtaka a nan Barranquilla. Ita tela ce, kuma ba ta yarda ta sa almakashi a yadi sai ta fara yanka siffar rigar a takarda. Jarida, takardar wuta, kalandar coci, duk wadda hannunta ya kai. In ta gama ɗinki ba ta zubarwa, sai ta ɗora a kan 'yan uwanta. Mijinta Wilfrido a tsaye yake shan romonsa, kamar baƙon da ba a so ya daɗe.

Wata rana ta leƙo ta katanga da waya a hannu.

"Ƙawata, na waye. Hoto kawai zan ɗauka, kowace takarda da sunan mai ita, duk su shige nan ciki."

"Ke da ko saƙon murya sai kin tura wa fadan coci maimakon mai kifi?"

"Ki zuba ido dai, sarkin baƙin ciki."

Ta kuwa ba ni mamaki. Ta ware wa takardun asibiti gurbinsu a wayar, na gida daban, na ɗinki daban. Sai dai lokacin iskar Disamba ne, ga fanka ba ta kashewa, don haka duk takardar da ta shimfiɗa a ƙasa sai ta take ta da ƙafa kafin ta ɗauka. Kowane hoto da ƙafarta a ciki, ba takalmi, babban yatsan nan ya karkace. Na yi dariya har na ƙware da kofi. Da ta gama ta kira mai amalanken da ke kwasar kwali, ya loda komai ya tafi. Ranar Wilfrido ya zauna a kujera ya ci wainar masara da ƙwai, yana shafa teburin kamar sabon jariri.

Ana gab da kanibal, babban bikin raye-rayen garinmu na shekara-shekara, matan ƙungiyarmu ta rawar kumbiya suka kawo yadi. Rigarmu ba irin ta kowa ba ce. Marigayiya Doña Etelvina, mahaifiyar Nohemí, ita ta fitar da yankan hannunta, wanda in mace ta ɗaga kyandir sama a cikin rawa rigar ba ta tattarewa a hammata. Takarda ɗaya ce tak, da hannunta ta yanka, daga ita ake ƙarawa ko a rage wa kowa.

Nohemí ta buɗe wayar tana taƙama. Ga hoton nan tsaf. Ta sa yatsu ta buɗa shi, hannun rigar ya girma, ta matse, ya ƙanƙance. Sai na ga fuskarta ta canza.

"Hoto ba shi da girma, ƙawata," in ji ta a hankali. "Na ba mai amalanke hannun Mama."

Raina ya ɓaci ƙwarai, don na san ba rigar kaɗai take nufi ba. Wilfrido ya hau babur ya bi unguwanni neman mutumin, ya dawo da labarin an riga an niƙe kwalin. Ta gwada yankawa da ka, ta ɗinka, na sa, na ɗaga hannu, rigar ta biyo ni har kunne. Ta zauna ta yi tagumi a gaban teburin da babu komai a kansa.

Ni kuma bakina ba ya iya shiru. Don in sa ta murmushi na ce, "To ai ba a yi asara duka ba, ga kyakkyawar ƙafarki an adana wa jikoki."

Ta dube ni, ta dubi hoton, ta dubi ƙasa. Sai ta fizge silifas ɗinta ta ɗora ƙafar a kan kujera.

"Wilfrido, miƙo tef."

Ta auna daga dunduniya zuwa karkataccen yatsan. A hoton, tsawon hannun rigar ya yi ƙafarta biyu da ɗan ɗoriya, faɗinsa ƙafa ɗaya da rabi. Ta shimfiɗa kwali a ƙasa, tana takawa tana zanawa da alli, tana leƙa wayar. Da na sa wadda ta ɗinka, na ɗaga hannu har sama, rigar ba ta motsa ba. Nohemí ta kama hannun rigar ta riƙe, ta daɗe ba ta saki ba, hawaye na zuba tana dariya.

Yanzu kwalin nan ɗaya ne rataye a ƙusa bayan keken ɗinkinta, sauran duk suna waya, Wilfrido kuma yana cin abincinsa a zaune. Har gobe ba ta ɗaukar hoton takarda sai da ƙafarta a ciki, ko da ta asibiti ce. Sai dai tun daga ranar ba ta rabuwa da jan farce.