Tabon Rana a Ruwan Baba

Jiya aka sanar cewa baƙaƙen tabo sun yawaita a fuskar rana, sai na tuna kakana, marini a Jibiya. Tun zamanin da Turawa ke kafa alamomin iyaka yake ganin tabon a ruwan baba, inda hasken rana ke dusashewa.

Wata rana, bayan tabon sun ɓace daga fuskar rana, a bakin ramin rini ya tambaye ni yaushe za su dawo. Na ce ina tsoron kuskure.

"Ɗan boko," in ji shi, "manomi ma bai san ranar ruwa ba, amma yana sharar gona. Faɗi."

Na ce, "Wataƙila shekara huɗu, Kaka."

Sai a ta biyar suka dawo, ba ya raye balle ya yi mini dariya. Allah ya haskaka kabarinsa.