Kafaɗar da Muka Ara wa Tela

A da, idan mutum zai ci kasuwar Batsari, rigar ƙasan adaka yake ɗaukowa. Ko tiya biyar ta gyaɗa zai sayar, sai ya sa an buga masa shaddarsa, ya karya hula, ya hau jaki kamar mai zuwa ɗaurin aure. Daga nesa kana iya gane mai tahowa ta yadda rigarsa ke shan iska. Yanzu kuwa mai garken shanu shi za ka gani cikin tsohuwar rigar gwanjo mai ɓarkakken hammata, da silifa ƙafa ɗaya ja ƙafa ɗaya shuɗi. Sabon ɗinki sai dai a naɗe shi a leda, a cusa a ƙarƙashin buhun masara, har a isa gida.

Na yi sama da shekara talatin ina fataucin yadi. Na zauna a Kwatano da Bamako da Dakar, na yi 'yan shekaru a Jidda, na tsinci Faransanci da Larabci a hanya, Fillanci kuwa a nono na sha shi. Kowace ƙasa da yadda take nuna tufafin maza. A Bamako rataye shadda suke yi can sama tana walƙiya kamar an shafa mata mai. A Jidda mutum-mutumi ne ke tsaye a bayan gilashi, sanye da farar jallabiya. A Dakar na ga samari suna tafiya ɗaya bayan ɗaya a kan dogon dandamali, mutane na tafi. Mu telolinmu ba sa ajiye mutum-mutumi a shago, domin tun muna yara aka gaya mana mala'iku ba sa shiga ɗakin da ke da gunki. Idan tela ya gama wata babbar riga da yake son a gani, sai ya nemi mutum mai tsawo da faɗin kafaɗa, ya sa masa ita, ya zaunar da shi a benci a ƙofar shago daga hantsi zuwa azahar. Ladansa goro da kwanon fura. Aron kafaɗa muke ce wa wannan. Akwai kuma ƙa'idar da kowa ya sani ba tare da an koya masa ba: ba a cewa rigar ba ta mai kafaɗar ba ce. Faɗin haka tonon asiri ne.

Ɗan ƙanwata malamin makaranta ne a Safana, magidanci da 'ya'yansa uku, amma zuciyarsa tana wajen tufafi. Yana da shafi a intanet inda yake rubutu a kan ɗinkin maza. Duk baje kolin da aka yi a Kano ko Abuja sai ya nemi izini ya je, ya dawo ya rubuta wane wuyan kaftani ne ya fito bana, wane zare aka daina yayi, wa ya rage faɗin hannun riga har ta zama kamar ta 'yan makaranta. Mutane da yawa suna karanta shi. Wata shekara, ana saura mako biyu Babbar Sallah, ya haɗa telolin Batsari da na Safana suka shirya nasu baje kolin a wani fili kusa da kasuwa. Ni ne na ce kada a zaunar da masu kafaɗa a benci, a sa su yi tafiya irin ta Dakar. Ni ne kuma na je ƙauyen Yasore na ɗauko taubashina.

Ɗan kawuna ne, na girme shi da shekara goma sha wani abu, kuma tun yana rarrafe muke tsokanar juna. Manomin gyaɗa ne mai gona biyu da jaki ɗaya. Amma Allah ya yi masa ƙira: dogo, miƙaƙƙe, kafaɗarsa kamar an gwada da ma'auni. Na same shi yana gyara ƙotar hauya.

"Kai bawana," na ce, "tashi ka yi wanka, yau za ka sa rigar da ta fi gonarka tsada."

"Tsohon banza," ya ce, "ka gama yawon duniya ba ka dawo da komai ba sai surutu. Mi za a ba ni?"

"Fura."

"Da nono ko da ruwa?"

"Da nono, mayunwaci."

"To mu tafi. Amma ka sani, in na sa ta matarka za ta ce ta yi kuskuren miji."

Rigar ta wani tsohon tela ce na Batsari, shadda ruwan zuma, da aikin hannu aska takwas wanda ya ci masa watanni. Da aka zura masa ita, aka ɗora hula, sai wurin ya yi tsit. Ya taka a hankali yana gyara hannun rigar a kafaɗa kamar wanda aka haifa a cikinta. Samari suka ɗauki ihu, "Alhaji! Ranka ya daɗe!" Shi kuma yana ɗaga musu hannu yana harara ta. Ɗan ƙanwata ya ɗauki hotonsa ya sa a shafi, ya rubuta a ƙasa cewa wannan babban manomi ne daga Yasore cikin aska takwas. Bai rubuta cewa aro ba ne. Ya nuna mini kafin ya tura, na ce ya yi daidai. Da la'asar taubashina ya tuɓe rigar, ya sha furarsa, ya koma gida cikin tsohuwar taguwarsa.

Bayan Sallah da 'yan kwanaki muka je Safana gaisuwa, ni da shi. Muka shigo motar haya za mu koma Batsari, rana tsaka, gonaki duk sun yi kore, mutane na noman farko. A wata kwana da hanya ta lalace direba ya rage gudu, sai muka ji harbi. Gilashin gaba ya tarwatse. Direban ya kifa a kan sitiyari, jininsa ya fantsamo har kan gwiwata, motar ta gangara cikin wata gona ta tsaya. Babura suka fito daga bayan itatuwa, kowanne da mutum biyu ko uku.

Suka fizgo mu waje suka kwantar da mu rub da ciki a kan ƙasa. Wata mata ta ƙi sakin jakarta, aka sa mata gindin bindiga a ƙeya, ba ta ƙara motsi ba sai nishi. Kusa da ni wani dattijon Bafulatani ne da ya kai ɗan maraƙi kasuwa, ya ɗaga kai zai yi magana aka taka masa wuya. Ɗaya daga cikinsu, matashi da rawani ya rufe masa rabin fuska, yana bin mu ɗaya bayan ɗaya da waya a hannu. Sai ya kama gemun mutum ya ɗaga fuskarsa, ya dubi waya, ya sake shi. Da ya zo kan taubashina ya daɗe yana dubawa. Ya yi dariya ya kira babbansu, wani gajere mai jan ido.

"Alhaji, barka da Sallah," in ji gajeren.

"Ni ba Alhaji ba ne," taubashina ya ce. "Ko Katsina sau uku na taɓa zuwa."

Gajeren ya karɓi wayar ya juya masa ita. Daga inda nake kwance na hango ruwan zumar nan.

"Wanga ubanka ne?"

"Ni ne, amma rigar..."

Bai ƙarasa ba aka shure shi a baki. Na ji biyu daga cikinsu suna Fillanci, sai na yi musu magana da shi, na haɗa su da Allah da nonon da suka sha, na ce su dubi tafin hannunsa. Gajeren ya amsa mini da Hausa. Ya kama hannun ya juya, ya ga kanta kamar bayan kunkuru, ya yar.

"Duk haka kuke yi yanzu. Ku sa tsumma ku hau hanya, ku bar shadda a gida. Har gona kuna zuwa don a ce ba ku da shi."

"Rigar tela ce," na ce. "Aro aka ba shi na rabin yini."

"Wane mahaukacin tela ne zai ba matsiyaci wannan riga? In aro ne, mi ya hana a rubuta?"

Na buɗe baki ne kawai, wani ya sa mini gindin bindiga a ciki. Haƙora huɗu na tofar a gonar nan.

Suka juya hannuwan taubashina baya suka ɗaure da igiyar shanu, ba a wuyan hannu ba, a sama da gwiwar hannu, ɗaya ya sa ƙafa a tsakiyar bayansa yana ja har gwiwoyin suka haɗu. Na ji ƙarar kafaɗarsa kamar an karya busasshen kara. Ya yi wata ƙara da ban taɓa jin namiji ya yi ba. Suka ɗora shi a babur tsakanin mutum biyu, suka ɗauki wasu fasinjoji biyu, suka nufi daji. Ni suka bar ni, gajeren ya ce tsoho ba ya kai tafiya, asarar mai ne.

Kwana uku bayan haka suka kira. Abin da suka nema kuɗin mai aska takwas ne, ko an sayar da rabin Yasore ba za a haɗa shi ba. Duk kiran da za su yi sai sun ajiye wayar kusa da shi sun dake shi, mu ji. Matarsa ta daina zuwa wajen wayar. Ni nake karɓa da kumburarren bakina, ina jin saukar sanda, ina jin yana kiran sunan Allah, wani lokaci yana kiran nawa.

Ɗan ƙanwata ya yi abin da ba a yi. Ya rubuta a shafinsa, ɓaro-ɓaro, cewa mutumin da ke cikin hoton talaka ne, gonarsa biyu, jakinsa ɗaya, rigar ta tela ce. Ya ɗauki tsohon telan a bidiyo riƙe da rigar yana rantsuwa. Ya sa hoton gidan taubashina, da katangar da ta zube, da rumbun da ba kowa a ciki. Duk asirin da muka rufa masa rabin yini muka tone shi a gaban duniya, ɗan ƙanwata yana kuka yana turawa. Suka kira suka ce sun gani, dabara ce, kuma ranar sun rataye shi a reshe da igiyar nan ta baya.

Sai da gero ya fara fid da kai suka gaji. Ina jin sun gane da kansu, domin mai dukiya ba ya kai wannan lokaci danginsa ba su kawo ba. Gajeren ya ce a kawo abin da ya samu, a haɗo da rigar. Aka sayar da gona ɗaya da jakin, na sa abin da nake da shi, 'yan'uwa suka sa nasu. Na je wajen telan ina neman yadda zan fara magana, na tarar ya riga ya ninke ta ya naɗe a zane. Ya miƙo mini ya ce, "Ni na sa masa ita." Ɗan ƙanwata ne ya kai da kansa har bakin daji.

A kan amalanke aka shigo da taubashina. Ya rame har na fi shi nauyi, ƙafafunsa duk gyambo, hannuwansa biyu suna reto kamar ba a jikinsa suke ba. Muka kai shi asibiti a Katsina, likita ya ce jijiyoyin kafaɗar sun mutu, hagu gaba ɗaya, dama kuma zai iya kai loma baki amma ba zai ɗaga ta sama da haka ba.

Na zauna a bakin gadonsa. Na yi ta jujjuya yadda zan nemi gafararsa, da Hausa da duk harshen da na sani, ban samu ba. Shi ne ya fara magana.

"Tsohon banza, ina haƙoranka?"

"Suna gonar mutane."

"Ka ƙara muni." Yana numfashi da ƙyar. "Ka san gajeren ya sa rigar a gabana? Tana jan ƙasa, hannun yana zamewa, yana ta ɗagawa. Ba ta zauna masa ba. Ba shi da kafaɗa."

Ya so ya yi dariya, ciwon ya hana shi. Na ce ya yafe mini. Ya ce in bari sai na biya shi furar da aka ba shi, domin ruwa ya fi nono yawa a ciki.

Yana nan da rai a Yasore. Bai ƙara riƙe hauya ba, 'ya'yansa ke noma gonar da ta rage. Ba ya iya zura riga ta ka, don haka matarsa ta tsaga duk taguwoyinsa ta gaba ta sa musu maɓalli, ita ke sa masa kowace safiya. Ɗan ƙanwata bai rufe shafinsa ba, har yanzu yana zuwa baje koli yana rubutu a kan wuya da zare, amma kowane hoto daga wuya yake yanke shi, kuma ba ya faɗin garin kowa. Telolin suka je wajen wani malami, ya ce musu idan mutum-mutumi ba shi da kai ba laifi a ajiye shi. Suka yi odar su daga Kano, na roba, farare, suna tsaye a ƙofar shaguna. Tun daga shekarar nan ba a sake aron kafaɗa a Batsari ko Safana ba.