Adda Ta Cinye Furannin Katin Biki

Ina fitowa tsakar gida na ga farantin da na shanya furannina ya koma rabi, ga Adda Hauwa, matar yayana, zaune kusa da shi bakinta duk ƙasa.

Da yumɓun bakin kogin Nukkai nake murza furannin nan, in sun bushe in shafa fenti in manna a jikin katin gayyata. Waɗannan na wata amarya ce a Abbare, jibi za a zo karɓa.

Na ce, "Adda, ina sauran?"

Ta shafa tsohon cikinta ta ce, "Jaririn ne ya nema, ni meye nawa? Amma wallahi kin iya, ko tsakuwa ɗaya ban ji ba."

"Adda, katin biki ne fa!"

"To ai ban taɓa katin ba. Na gaba dai ki rage girmansu, manyan suna da wuyar tauna."

Tun da na fara sana'ar nan ba wanda ya taɓa ce min sannu a gidanmu. Yayana cewa yake na gama makaranta na koma wasan ƙasa. Yau da na kai masa ƙara, sai ya ce ashe dai abin yana da amfani.

Yanzu na kulle kaina a ɗaki ina sake murzawa, ita kuma tana bakin taga tana tambaya ko sun bushe.

Jama'a ku raba mu: wadda ta cinye maka sana'a tana santi, masoyiya ce ko ɓarauniya?